Yadda Na Raka Kashin Shanu Zuwa Khaddamari

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawa ɗaya ne a cikin wannan labari, kuma shi ne yake riƙe da biro yana rubuta muku. Na ji yadda ake ba da shi a majalisun unguwarmu Gwange. Wasu sun ce an ɗaure ni, wasu sun ce na suma, wani ma ya rantse na yi kuka da Fulatanci. Ban suma ba. Sauran ku karanta ku yanke hukunci. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, ranar da mahaifina ya ce shanu sun fi malamin buƙatata, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi wa marigayin addu'a kawai.

Ga tushen maganar. A shekarun nan da hanyoyi suka rufe, kowane gida a unguwarmu ya cika da dangin da suka gudo daga ƙauyuka. Abinci kuwa shinkafar tallafi da garin masara, miya kullum kuka ko busasshiyar kuɓewa. Ɗanyen ganye yana shigowa kasuwa, amma sai ya bi hannu uku kafin ya iso tukunya, ya yi yaushi, ya yi tsada. Maƙwabciyata Ya Falmata, Babarbariya mai ɗinkin hula, ta kai jikarta asibiti saboda rama, aka ce mata ba allura yarinyar take so ba, ganye da wake take so. Ta dawo ta yi wani tunani da ni, mai shanu arba'in a garke, ban taɓa yi ba. Manoman Khaddamari, wani gari a wajen birni, an hana su takin zamani, domin mutanen daji da shi suke haɗa bam. Mu kuma dillalan dabbobi kashin shanu ya ishe mu, har roƙo muke a kwashe. Ta ce to a kai musu namu, su kuma su riƙa ajiye wa matan Gwange ganye a farashin bakin gona.

Wata huɗu tana zarya daga ofis zuwa ofis, har ta samu takarda mai hatimi da ta yarda mota ɗaya ta fita kowace Talata da takin gargajiya, ta dawo da kayan lambu. Takardar nan tana cikin leda, ledar tana cikin wata leda, duka a ɗaure a ƙugunta. In babu ita babu mota, in babu mota gidaje sun koma kuka.

Gwange, ƙarfe biyar saura kwata

Mijinta ne yake raka ta, amma wannan makon ciwon baya ya kwantar da shi. Na ce ni zan je, tunda takin daga garkena yake fita. Na tashi kafin kiran sallar farko, na yi wanka, na sa farar babbar riga da na ajiye domin ɗaurin aure. Da muka fito daga masallaci ta haska ni da tocila daga hula zuwa takalmi.

"Fulata, gona za mu, ba biki ba."

"Ke dai Babarbariya, ki gode Allah yau za a gan ki tare da mutum mai daraja."

Wanda bai san Borno ba kada ya ɗauka faɗa ne. Tsakanin Fulani da Barebari wasa ne tun kakanni, ta zage ni in rama, a rabu lafiya.

Yanzu ga abin da ba ta sani ba. Ranar Litinin da la'asar, ana ɗura buhuna, kunya ta kama ni. Yaya Alhaji Buba guda zai je baƙunci wurin mutanen da bai taɓa gani ba, tsarabarsa kashi? Sai na tuna da rabin buhun takin zamani, farin nan mai kama da sukari, da ya rage a sitona tun lokacin da nake ɗan noman masara. Na ji maganar hani, amma na ɗauka da masu manyan motoci ake, ba da tsarabar tsoho ba. Na cusa shi a tsakiyar wani buhun kashi, na ɗinke bakin da kaina. In kun tambaye ni me ya sa na ɓoye abin da na ɗauka ba laifi ba ne, ni ma na yi wa kaina wannan tambayar, amma a makare.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, direbanta Modu, mutum mai ƙarancin magana da yawan goro. A baya buhu goma sha biyu, kwanduna babu komai, buhunan algarara, da jarkar ruwa biyu. Dokar hana fita tana ɗagawa ƙarfe shida. Mun tashi shida da minti biyar a agogona, wanda yake gaban na Modu da minti huɗu, kuma nawa ne daidai.

Daga Kwastam zuwa Muna

Gari bai gama farkawa ba, sai masu Keke suna goge gilashi. Mun bi ta Kwastam muka miƙe hanyar Muna, minti ashirin da biyar. Can muka tsaya na sha kunun gyaɗa da ƙosai na naira ɗari da hamsin. Kunun ya yi ruwa, amma na yafe wa matar.

Gaba kaɗan shingen sojoji yake, inda ramin da aka zagaye gari da shi ya haɗu da titi. Ba a buɗewa sai ƙarfe bakwai. Jama'a sun yi layi har inda ido ya tsaya: masu fartanya, mata masu gatari za su itace, tsofaffi da kekuna. Kowa zai fita neman abinci, kuma kowa ya san sai ya dawo kafin a rufe da yamma. Na yi shekara da shekaru a garin nan ina cin tuwo, ban taɓa zuwa na ga layin da tuwon yake bi ba.

Shinge, ƙarfe bakwai da rabi

Da layi ya zo kanmu muka sauka, maza muka ɗaga riga muka juya. Sojoji sun san motar. "Maman ganye, an fito?" in ji ofisansu, wani dogo mai tabo a goshi. Ta kwance leda, ta kwance ledar ciki, ta miƙa masa takarda. Wani ɗan gora, cikin 'yan sa-kai masu taimaka wa sojoji, ya hau bayan motar da dogon ƙarfe mai tsini. Modu ya raɗa mini cewa buhu biyu ko uku yake sokawa ya sauka.

Ya soki na farko, kashi. Ya soki na biyu, kashi. Ya tsallake uku, ya je can ƙurya inda na sa aka ajiye nawa da gangan. Ya soka, ya zaro, sai fararen ƙwayoyi suka biyo ƙarfen suna zuba a kan bodi, tsaf-tsaf-tsaf.

A nan wasa ya ƙare. Ban ga lokacin da bindigogi suka juyo ba. Aka ce kowa ya kwanta. Layin da ke bayanmu ya watse, mata suka zubar da gatura suka yi baya. Na kwanta da fuskata a ƙasa, Modu a gefena yana salati, Ya Falmata a durƙushe. A waɗannan shekaru, mutum ya ga farin abin nan a ɓoye a cikin kaya, ba masara yake tunawa ba.

"Na wane ne?" in ji ofisa.

Ta dubi Modu. Modu ya ce wallahi shi tuƙi kawai ya sani. Sai na ga ofisan ya ninke takardar nan gida huɗu ya sa a aljihun ƙirjinsa, ya maɓalle. Na ga fuskar Ya Falmata. Shekara talatin muna maƙwabtaka, ranar da aka kawo mata gawar ɗanta kawai na taɓa ganin wannan fuskar.

Na ɗago kai na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe. Tsaraba ce."

"Tsaraba."

"Wa manoman. Ita ba ta sani ba, direba bai sani ba. Ni na ɗinke."

Ya sa na zauna, ya karɓi katina, ya yi mini tambayoyi kusan awa guda: sunan ubana, sunan mai unguwarmu, a ina na saya, yaushe, wa na sani a daji. Ya kira mai unguwar a waya. Ya Falmata ba ta roƙe shi ba, ba ta yi kuka ba. Da ya gama ta matso ta tsaya gabansa.

"Ɗana, wannan tsohon da kake gani, duk rayuwarsa bayan saniya ya bi, duk inda ta juya nan ya juya. Yau ya gwada tunani da kansa, ga abin da ya fito. Ka riƙe shi in kana so. Takardar ka ba ni, gidaje ne a bayanta."

"Mama, ba ni da wurin ajiye shi." Ya dafa aljihun ƙirjinsa. "Dokar da aka ba ni, in kai takardar nan sama tare da rahoto. In ta tafi, ke ma kin san ba za ta dawo ba. Ga abin da zan yi. A zazzage buhunan nan duka a gabana. Farin ya zauna a nan. Ku je. Ƙarfe huɗu nake miƙa rahoton yini. In na ga motar nan da ganye kafin huɗu, kamar yadda takarda ta ce, na san aikin da kike yi ke nan. In ban gani ba, ta tafi."

Aka zazzage sha biyun a bakin titi. Shebur ɗaya ne a motar, kuma Modu ya ce nasa ne. Ni da hannu na mayar da rabona. Farar rigata ta ɗaurin aure, jama'a, kada ku tambaya. Mun bar shingen ƙarfe goma da minti arba'in.

Hanyar Khaddamari

Mun saki kwalta muka yi hagu. Modu ya ce daga shinge kilomita goma sha biyar ne, ƙashin bayana ya ce arba'in. Ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe sosai. Abin da na lura, gefen hanya babu dawa babu gero, sai wake da gyaɗa shimfiɗe a ƙasa. Modu ya ce an hana shuka duk abin da zai ɓoye mutum a tsaye. Mun wuce wani ƙauye da babu ko kaza, rufin gidaje a ƙone, bishiyar mangwaro tana nan kore shar a tsakiya.

Na yi ƙoƙarin buɗe hira. "Ya Falmata, ai dai niyyata..."

Ba ta juyo ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Modu ne ya yi mini bayani, yana tauna goro: kullum ƙarfe takwas da rabi suke isa. Manoma suna yankan ganye da sassafe. Motar dillalin kasuwa tana zuwa ƙarfe tara, tana kwashe duk abin da ta samu. Can babu sabis, balle a kira a ce a jira. Yankakken alayyafo kuma ba ya jiran kowa a wannan rana.

"To in sun sayar fa?"

"Sai mu koma da kwanduna," in ji shi, ya tofar ta taga.

Khaddamari, sha biyu saura minti ashirin da biyar

Lambunan suna bayan gari kaɗan, kusa da inda sojoji za su iya hango mutum. Tun daga nesa na ga sawun tayar babbar mota, sabo. Babu tarin ganye a bakin hanya inda Modu ya ce ake tarawa. Sai ƙarar injin ban-ruwa a can ƙarƙashin bishiyoyi.

Wani gajeren dattijo ya fito, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, ƙafa duk laka. Shi ne Ba Kyari, babban masu lambun.

"Wushe, wushe, Ya Falmata. Lafiya dai?"

"Lafiya, Ba Kyari. Dillali ya zo?"

"Ya zo, ya sha ruwa, ya tafi."

Ya ja mu inuwar darbejiya. Abin da na gani, ban taɓa ganin irinsa ba. Sun jera damman alayyafo da yakuwa da rama a tsaye a cikin magudanar ruwa, gindinsu a ruwa kamar ba a yanka ba, samansu a lulluɓe da jiƙaƙƙen algarara. Inji yana turo ruwa yana ratsa su a hankali. Mata uku suna bi suna yayyafi da tafin hannu. Kuɓewa da yalo an binne kwandunansu rabi a cikin danshin ƙasa. Ganyen nan kore shar, kamar yanzu aka sa masa wuƙa.

Daga baya wani cikin manoman ya gaya mini yadda aka yi. Dillali ya jira har sha ɗaya, yana ƙara farashi. Biyu daga cikinsu suka ce a sayar, watakila an rufe hanya. Ba Kyari ya ce matar da ta zo ranar da aka yi harbi a hanyar nan, ta zo da jiƙaƙƙen zane ranar ruwan sama, ba yau za ta fasa ba. Ya tada injin. Fetur kuwa ɗan kaɗan ake barin su shigo da shi, a gwargwade. Wanda ya ƙona domin ganyen matan Gwange, na ban-ruwan kwana biyu ne. Sauran makon da guga shi da 'ya'yansa za su ɗebo.

Ya dubi rigata. "Alhaji, faɗuwa ka yi?"

Ya Falmata ta ba shi labarin da Barbarci, a gabana, tana nuna ni da haɓa. Ban ji komai ba sai "Fulata" sau shida. Ba Kyari ya yi dariya har ya dafa bishiya. Sannan ya kwance buhu ɗaya, ya ɗebi takin, ya murje a tafinsa, ya shinshina kamar mai sayen turare.

"Wannan ya kwana biyu, ya huce. Shi ƙasa take so. Farin nan naka, Alhaji, ko an bar shi ya shigo, ba zan zuba wa ganye ba. Yana tashi da sauri, ya yi faɗi, amma ka yanke shi da safe, kafin azahar ya kwanta. Da a ce da shi na shuka waɗannan, da yau ba ku tarar da komai ba."

Na rubuta wannan a littafina, domin ilimi ne, ko da daga bakin Babarbare ya fito.

Aka kawo burabusko da miyar yakuwa da busasshen kifi. Mun ci a tsaye-tsaye, muka yi azahar, aka yi lodi: ganye a ƙasa kan jiƙaƙƙen buhu, kuɓewa da yalo a gefe, kabewa huɗu a ƙafafuna. Mun tashi biyu saura minti goma.

Komawa

Biyu da rabi lagireto ya tafasa. Jarka ɗaya ta rage, ta yayyafa wa ganye. Modu ya dubi jarka, ya dubi Ya Falmata. Ta ce rabi na mota, rabi na ganye, mutane kuwa su yi haƙuri. Butata ma an juye ta a ciki. Minti talatin da biyar muka ɓata a wurin, babu kowa a hanyar sai mu, kowa yana satar kallon daji yana yi kamar ba ya kallo.

Mun iso bayan layin shinge uku da minti ashirin da biyar. Duk jama'ar da muka gani da safe sun dawo lokaci ɗaya, kowa da kayansa, kowa sai an bincika. Motoci goma sha ɗaya a gabanmu, na ƙirga. Huɗu saura kwata, bakwai suka rage.

Ya Falmata ta sauka. Ta ɗora damin alayyafo a kanta, ta nuna mini kwandon kuɓewa da yatsa. Na ɗauka. Muka bi gefen layin masu ƙafa, ita a gaba tana cewa "A yi mini hanya, 'yan'uwa, da uzuri," ni a baya ina haki. Masu itace suka ja gefe. Babu wanda ya yi gunaguni, da yawansu sun san ta. Muka ɗaga hannu daga nesa kamar yadda doka ta ce, aka yafito mu.

Ofisa yana zaune da takardu a cinyarsa. Ta sauke damin a gabansa.

"Ga ganye. Mota tana baya, ta takwas."

Ya dubi agogonsa. Ni ma na dubi nawa, na ga huɗu saura minti uku, na yi addu'a a karon farko a rayuwata Allah ya sa na Modu ne daidai. Ofisan ya tashi, ya taka da ƙafarsa har motar, ya ɗaga algarara, ya tura hannu har ƙasa, ya dawo. Ya ɓalle aljihu ya miƙa mata takardar da hannu biyu. Ta zaro ƙullin yakuwa za ta ba shi, ya girgiza kai.

"Ki kai wa yaran, Mama."

Ta mayar da takarda cikin leda, leda cikin leda.

Gwange, ƙarfe biyar da minti goma

Mata suna zaune a ƙofar gidanta tun azahar, kowacce da kwanonta, har wasu sun fara cewa an kama motar. Aka shimfiɗa tabarmi aka kasa. Tsarinta shi ne gidan da ya fi yawan baƙin gudun hijira shi ne farko, sannan masu jego, sannan sauran. Kafin magariba ƙanshin miyar ganye ya cika layinmu daga wannan kai zuwa wancan.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina godiya ga Ba Kyari da mutanensa, da Modu duk da rowar shebur, da ofisan da ban san sunansa ba. Wannan godiyar a wurin rabon ma na miƙe na yi ta, da rigata yadda take, mata suna toshe hanci. Da na ga an yi shiru ana saurarena, sai daɗi ya ɗebe ni. Na ce yanzu na san hanya, na san manoma, na san sojoji, saboda haka daga yau kowace Talata ni zan riƙa raka motar, kuma ina da wasu shawarwari na gyara tsarin.

Ya Falmata ba ta ko ɗago daga kabewar da take yankawa ba.

"Zauna, Fulata. Daga gidanka abin da yake fitowa ta bayan saniya muke so. Wanda yake fitowa daga kanka mun gani yau, ya ishe mu."